Riɗin da ba a fesa ba, daga gona zuwa kwantena

Harkar riɗi irin wadda kowa ya sani ba ta da wani ɓoye. Ka je Maigatari ranar Alhamis, ka tsaya wajen 'yan awo, ka haɗa buhunanka, ka ɗora a mota sai Dawanau. In dai fari ne, ya bushe, babu yashi, ba mai tambayar ka gonar wa ya fito. A haka na taso. Da wani kamfani mai fitar da kaya waje ya ɗauke ni in riƙa tara masa riɗin oganik, wato wanda bai ga takin zamani ko maganin feshi ba, sai na tarar da wata sana'a daban, ko da yake kayan ɗaya ne. A nan kowane buhu sai ka iya faɗin mai shi da gonarsa da ranar da aka auna shi, kuma ka nuna a takarda.

Gona ita ce mai sauƙin. A Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar manoma da yawa ba sa zuba wa riɗi takin zamani tun asali, don ba shuka ce mai ci ba, ga taki da tsada. Abin da ya shigo mana shi ne maganin ciyawa, da garin maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Dokar Tarayyar Turai ta ce sai gona ta yi shekara 2 ba a sa mata irin waɗannan ba kafin a shuka abin da za a kira oganik, Amurka kuwa shekara 3 take ƙirgawa kafin girbi. Saboda haka muka haɗa manoman a ƙungiya, muka fara da rajista: sunan manomi, girman gonarsa, abin da ya shuka bara da bara waccan, da wanda yake maƙwabtaka da shi ta kowace kusurwa. Inda maƙwabci ke feshin wake, sai a bar 'yan kuyoyi a bakin iyaka, a girbe su daban a kai kasuwa. Muka ɗauki samari masu karatu suna zagayawa suna duba gonaki, da sharaɗin kada kowa ya duba na garinsu, don ba yaron da zai rubuta laifin kawunsa. Sau ɗaya a shekara mai bincike yakan zo daga ɗaya daga cikin kamfanonin ba da shaidar oganik, irin su Ecocert ko Control Union. Ba ya bin kowace gona. Yakan zaɓi wasu da kansa, ya ɗebi samfur, kuma abin da ya gani a nan shi zai yanke wa ƙungiya duka hukunci da shi. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Inda aikin yake shi ne daga ranar da aka sa lauje. Riɗi ana yanka shi ne idan ganye ya yi ɗorawa, a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye a gona wajen mako biyu, har kwanson ya buɗe baki a zo a kakkaɓe. A wannan tsakanin akwai wani ɗan ƙwaro mai launin ƙasa da ke ɓuya ƙarƙashin damman da rana, da dare ya fito ya tsotse man ƙwayar ya bar ta fanko. Manomin da bai taɓa fesa komai ba duk damina, a nan yake karaya. Yana ganin wahalarsa ta wata uku tana tsiyayewa, ga kwalbar ota-fiya-fiya ana sayarwa a kowane shago. Sinadarin da ke cikinta, dikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Kuma masu sayen oganik da yawa ba sa karɓar kayan da aka samu ragowar magani a ciki ya wuce miligiram 0.01 a kilo, kashi ɗaya cikin miliyan ɗari ke nan. Feshin yamma ɗaya a gona ɗaya ya isa ya bayyana a gwajin kaya mota guda.

Wani dattijo ya taɓa tare ni a bakin gonarsa, ya ɗaga dami ɗaya, ƙwarin suka watse kamar an zubar da su. Ya ce, "Malam, kai albashinka na tafiya. Ni wannan ne hatsin gidana da kayan ɗakin 'yata. In zuba musu ido?"

Na ce, "Baba, ba za ka zuba musu ido ba. Ka ba ni zuwa jibi."

Gaskiyarsa ce, kuma hani kawai ba ya riƙe mutum a irin wannan hali. Abin da muka yi shi ne muka raba tamfol, ana share fili a jingina damman a kansa, ana jiƙa dakakken 'ya'yan darbejiya a kwana a yayyafa kewaye, sannan aka daina barin riɗi ya wuce lokacinsa a tsaye. Da ya buɗe a kakkaɓe, ko da za a sake komawa karo na biyu. Bai kashe ƙwarin duka ba, amma ya rage ɓarnar zuwa abin da mutum zai iya haƙura da shi. Injin feshin ma sai da muka sayi namu muka shafa masa koren fenti, domin na aro da aka fesa wake da shi jiya, ko an ɗauraye shi, yana riƙe da magani a cikin robarsa.

Tamfol ɗin ya yi mana wani amfanin. Riɗin Najeriya yana cikin kayan da Turai ke tsananta bincike a kansu saboda ƙwayar cutar salmonela, wadda ke zuwa daga kashin kaji da tsuntsaye da ƙadangaru da awaki, a duk inda aka shanya abu a ƙasa ko a gefen titi. Kayan oganik ba a yarda a haska su da na'ura don kashe cuta ba. Iskar da wasu ke turara riɗi da ita kuma, etilin oksaid, haramun ce a can ga kowane irin abinci. Ita ce aka gano a riɗin Indiya a 2020, aka yi ta kwashe kaya daga kantuna. Tsafta ce kaɗai ta rage mana. Matan da ke shiƙa su suka fi kowa riƙe wannan. Wata tsohuwa da ke shugabantar su a wani ƙauye ba ta barin kowa ya taka tamfol da takalmi, har ni. Nakan ce, "Inna, sauri nake," ta ce, "Ɗan nan, cire dai."

Sai maganar buhu da kuɗi, waɗanda ba sa rabuwa. Ba ma karɓar riɗi a tsohon buhu, don yawancinsu na taki ne ko na waken da aka sa wa magani. Muna ba da sabo, an buga lambar manomi a jiki, gwargwadon abin da muka kiyasta gonarsa za ta bayar tun riɗin yana tsaye. Wannan kiyasin ya fi komai muhimmanci a littafinmu. Duk inda aka ce akwai ƙari a kan farashin kasuwa, wani zai je ya auno tiya goma a wajen ɗan'uwansa, ko ma a kasuwa, ya zuba a nasa. Ba na kiran mai yin haka mugu, talauci ne da ganin dama. Amma in gonar da aka kiyasta buhu huɗu ta kawo bakwai, sai mu karɓi bakwai ɗin a matsayin riɗin kasuwa, mu biya farashin ranar, mu ware shi, mu zauna da shugaban ƙungiya.

Ta ɗaya gefen kuma kaya na zurarewa. Manomi na buƙatar kuɗi ran Laraba don cefanen Alhamis, ko an kwantar da yaronsa, ko mai bashi na zaune a ƙofar gida. In ba ka nan da kuɗi a hannu, dillali na nan da babur. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, mun ga riɗin da muka yi shekaru muna reno ya tafi ga duk wanda ya zo da tsaba, ko da ya karya farashi, domin a ƙauyukan nan ba kowa ke da asusun banki ba, sabis ɗin waya ma sai an hau tudu. Tun daga nan nake gaya wa duk kamfanin da ya nemi shawarata: kada ka rubuta manomi ko ɗaya sai ka tabbata kuɗin saye zai iso kafin a fara yanka, a kafa sikeli a cikin garin, a biya nan take, har da ƙarin. Alkawarin "za a kawo muku daga baya" ya kashe shirye-shirye masu kyau da yawa.

Daga ƙauye zuwa Kano, hannuwan da ke taɓa kayan ba su san komai game da oganik ba, kuma ba laifinsu ba ne. Mai sito ya saba jefa ƙwayar hayaƙi mai kashe ƙwari tsakanin buhuna ya rufe ƙofa, iskarta kuwa ba ta san bangon langa-langa ba. Dole muka kama sito namu kaɗai, muka jera buhuna kan katako nesa da bango, muka tabbata danshin riɗin bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Iri da samfur muna ajiye su a buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi don ajiyar wake, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska kawai. A wurin injin tacewa, sai an share shi tas, sannan a fara zuba wasu buhunan namu su wanke cikinsa, a sayar da waɗannan a farashin kasuwa. Asara ce da ake sa ta a lissafi tun farko. Direba kuwa tambayar farko ita ce me ya ɗauko jiya. In taki ne ko jarkokin magani, a nemi wata motar.

Legas ta fi ko'ina ba ni tsoro. Bayan tafiyar kusan kilomita dubu, kayan da aka yi shekara ana tsarewa sukan faɗa hannun ejan da ya saba turara kowace kwantena, don a wurinsa hakan shi ne aiki mai kyau. Ba na barin a loda sai da mutuminmu a tsaye, ya leƙa kwantenar, ya shinshina, ya ga an shimfiɗa takarda, ya ɗauki hoton lambar hatimi. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin wajen tan 19. Kafin nan an riga an aika samfur ɗakin gwaji an jira sakamako, an karɓi shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar Najeriya mai duba lafiyar kayan gona masu shige da fice, sannan kamfanin ba da shaida ya fitar da takardar shaidar oganik ta kayan a TRACES, manhajar da Turai ke bin sawun kayan da ake shigar mata. Wannan takardar dole ta fito kafin jirgi ya tashi. In ta makara, riɗin zai isa lafiya, amma a matsayin riɗi kawai.

Sabuwar dokar oganik ta Turai, mai lamba 2018/848, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022, ta ce ƙungiyar manoma kada ta wuce mutum 2,000, kuma ta kasance mai rajista da sunan kanta. Kamfanoni sun yi ƙorafin ƙarin kuɗi da takardu. Ni na yi murna, domin a da shaidar tana aljihun kamfani, in ya janye manoma sun tashi a tutar babu. Yanzu littafin yana hannun sakataren ƙungiya, ɗan garin.

Abin da ke damuna har yau shi ne sauran amfanin gonar. Mutumin da ya bar magani saboda riɗi ya bar shi ne har ga gero da wake da gyaɗar da yake juyawa da su a wannan filin, kuma waɗannan a farashin kowa yake sayar da su, ga waken ba ya yi sai da kariya daga ƙwari. Riɗi kaɗai ke ɗauke da kuɗin bincike na shekara. Bana mun sa zoɓo a cikin rajista, tunda dama ana shuka shi a bakin gonaki a ƙasar Jigawa kuma yana da masu saye a waje, mun kuma fara aika samfurinsa.