Ranar da na fitar da ɗalibaina filin ƙwallo saboda shirin Schlieffen

Shekara uku ina koyar da yaƙin duniya na farko, kullum in zana kibiya a allo in ce a shirin Schlieffen Jamus ta shirya bi ta Beljiyam ta zagaye Faris ta gama da Faransa cikin sati shida kafin Rasha ta kimtsa, yara su kwafa, ranar jarabawa su maido min kayana. Wallahi ni kaina ban gane abin da ya kashe shirin nan ba sai ranar da na kwashi 'yan SS2 muka fita fili.

Na jera su sahu ɗaya a matsayin sojojin Jamus, na ƙarshen hagu ya tsaya cak kamar turke, sauran su juya kamar ƙofa. Ai ko rabi ba a yi ba na ƙarshen dama ya fara haki, silifas ɗinsa ɗaya ya fice, sahun ya tsinke a tsakiya. Sai wata yarinya ta ce Malam to su ma a ƙafa suka yi? A ƙafa mana! Sojojin janar ɗin Jamus von Kluck su ne na ƙarshen dama, suna cin wajen kilomita 30 kullum cikin zafin Agustan 1914, ga 'yan Beljiyam sun fasa layin dogo da gadoji, abinci da harawar dawakai duk sun makale a baya, shi kuwa Joffre, shugaban sojojin Faransa, yana cikin ƙasarsa yana kwasar sojoji a jirgin ƙasa yana kai su duk inda ya ga dama.

Akwai sauran dalilai, birnin Liège na Beljiyam ya ƙi faɗuwa sai 16 ga Agusta, Rasha ta shigo da wuri har Moltke, shugaban sojojin Jamus, ya cire runduna biyu ya tura gabas. Amma tsinkewar sahun nan ita ta fi tsaya min a rai, domin irin haka ce ta faru a yaƙin kogin Marne a watan Satumba, aka samu giɓin kusan kilomita 50 tsakanin rundunar Kluck da ta Bülow, janar ɗin Jamus da ke gefensa, Turawan Ingila da Faransawa suka kutsa ta nan, Moltke yana can Lukzambur labari ma ba ya isa gare shi a kan lokaci.

Kuskurena ranar shi ne ban ware wasu yara su zama Faransawa ba. Zangon da ya biyo na gyara, na ba su kekuna biyu a matsayin jirgin ƙasa, kafin na dama su iso sun riga sun tare musu gaba.