Inuwa da ganye: abin da itatuwa ke yi wa shanu da rani

Daga watan Janairu ciyawar ƙasar Zazzau ta zama ƙirare. Saniya za ta cika tumbinta amma ta ci gaba da ramewa, domin furotin (sinadarin gina jiki) da ke cikin busasshiyar ciyawa ya faɗi ƙasa da kashi 7 cikin ɗari, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da tumbi ke buƙata ya narkar da abinci. Saniyar da ta rame kuwa ba ta neman bijimi, shi ya sa shanun Bunaji da yawa sai sun kusa shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa.

A nan gawo ya fi kowane itace amfani. Yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, ya kuma zubo 'ya'ya daidai lokacin da babu komai a ƙasa. A tsince su, a shanya, a daka, a gauraya da dusa. Kilo ɗaya zuwa biyu a rana ya ishi saniya mai shayarwa, tare da harawa da kanwa. Dakan yana da dalili: ƙwayar da ba a fasa ba fita take yi a kashi yadda ta shiga. Ganyen madobiya da kawo ma shanu na so, sai dai masu sara suna yi musu aski kwal-kwabo, abin da ke kashe itacen cikin 'yan shekaru. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na rassa, kuma a bar itacen ya huta shekarar da ke biye.

Batun inuwa an fi raina shi. In babu inuwa, zafin Maris da Afrilu yana lalata maniyyin bijimi, kuma da yake maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 60 kafin ya nuna, ɓarnar ba ta bayyana sai farkon damina, lokacin da ake sa ran barbara ta kama. Sai a ɗora wa saniya laifi.

Ba kowane kurmi ake kai garke ba. Duhuwar bakin rafi gidan ƙudan tsando ce, mai kawo cutar sammore, wadda ke sa ɓari. Ganyen samberu kuwa guba ne, yunwa ce kan tura shanu su ci shi, don haka a ba su harawa da safe kafin a kora su daji.