Yadda Ake Tantance Tarihin Mawaƙan Urdu na Da

Duk wanda zai yi rubutu a kan Mir Taƙi Mir ko Mirza Galib, manyan mawaƙan harshen Urdu na ƙasar Indiya, kafin ya ɗauki labari ya fara duba wanda ya ba da shi, da abin da ke tsakaninsa da mawaƙin.

Tushe mafi daɗewa shi ne tazkira, kundin da ake jera mawaƙa a ciki: suna, laƙabin waƙa, gari, malami, yabo ko suka na layi kaɗan, sai baitocin misali. Da Farisanci ake rubuta yawancinsu, ko da waƙoƙin na Urdu ne. Mir da kansa ya rubuta Nikatush Shu'ara wajen 1752, kuma bai ɓoye son ransa a kan abokan hamayya ba. Tazkira na da amfani wajen sanin wa ya yi zamani da wa, amma ba kasafai take kawo shekaru ba.

Littafin da ya fi kowanne tasiri shi ne Ab-e Hayat na Muhammad Husain Azad, wanda ya fito a 1880, ya kasa mawaƙa zamani biyar. Alƙalaminsa na da zaƙi ƙwarai, kuma a nan hatsarin yake. Azad almajirin mawaƙi Zauƙ ne, wanda ya kasance malamin waƙa na Sarkin Delhi Bahadur Shah Zafar, saboda haka ya ɗaga malaminsa sama da Galib. Momin Khan Momin kuwa, babban mawaƙi na zamanin Galib, Azad bai ma sa shi a bugun farko ba, sai da aka yi ca a kansa sannan ya shigar da shi a bugun 1883. Shahararren labarin nan na isowar Mir birnin Lakno daga Delhi cikin tufafin tsohon yayi, matasa na yi masa dariya, ya mayar musu da baitoci a kan rushewar Delhi, ta wannan littafi ya bazu, kuma baitocin ba sa cikin diwanai shida na Mir. Ƙaurar Mir zuwa Lakno a 1782 gaskiya ce. Sauran kayan adon a riƙe su da taka-tsantsan. Duk da haka ban yarda a yi watsi da Azad ba. Mutum ne da Turawa suka kashe mahaifinsa a 1857, ya bar Delhi da takardun waƙoƙin malaminsa a hannu, kuma ya adana abin da ya ji daga bakin dattawa wanda ba don shi ba da ya salwanta.

Altaf Husain Hali ya fi Azad nutsuwa. Littafinsa Yadgar-e Galib na 1897 shaidar wanda ya zauna gaban Galib ce, sai dai ladabin ɗalibi ya sa ya sassauta wasu wurare. A gwada shi da wasiƙun Galib.

Sai batun shekaru, inda mai karatu Bahaushe ya fi saurin zamewa. Mawaƙan Urdu na ɓoye shekara a cikin jimla ta hisabin abajada, kamar ramzin da malamanmu ke sawa a ƙarshen waƙar ajami. Amma namu lissafin Magrib ne, nasu na Gabas. A wurinmu shinun dubu ce, gainun ɗari tara. A wurinsu gainun ce dubu, shinun ɗari uku. Ramzin rasuwar Galib shi ne "Ah Galib bimurd", wato kaico, Galib ya mutu. Ah ta ba da 6, Galib 1033, bimurd 246, jimla 1285 ta Hijira. Wanda ya lissafa gainun ɗari tara zai samu 1185, ya kashe mawaƙin tun ba a haife shi ba. Kuma shekarar 1285 ta ratsa 1868 da 1869, don haka sai an nemo wata: Galib ya rasu cikin Zulƙida, ranar 15 ga Fabrairu 1869.