Sandar Rogo Guda Dubu Biyar, Uwa Ɗaya

Har yau idan na bi ta gefen gonar nan sai raina ya sosu. Rabin hekta ce, na kafa sandar rogo kusan 5,000 a cikinta, kuma kafin sati shida ganyen ya fara fitowa a nannaɗe, da dabbare-dabbaren ɗorawa, kamar an matse shi da hannu. Kunya bayan kunya, duk kamanni ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ni malamin kimiyyar halittu ne. Kowace shekara ina ba ɗalibaina labarin Dolly, tunkiyar da aka haifa a watan Yulin 1996 a cibiyar Roslin da ke Sikotilan. An ɗauki ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, aka haɗa ta da ƙwan wata tunkiyar da aka cire wa nasa kundin gado, sannan aka sa a mahaifar ta uku. Ƙwai 277 aka yi wa wannan haɗin kafin a samu 'yar tunkiya guda. Nakan gaya musu cewa abin da masana suka sha wahalarsa a kan dabba, Allah Ya sauƙaƙa shi a tsirrai: rake, ayaba, dankali, rogo, duk kwafin uwarsu ne. Har ƙwarin darɓa da ke manne wa wake, macen na haifar kwafin kanta ba tare da namiji ba. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. To a gonar rogo wannan magana ba ta aiki, domin sandar da ka yanka ita ce uwar da kanta, ka dai raba ta gida-gida.

Na san wannan a allo. A gona na manta.

Kawuna ne ya yi rogo mai kyau a shekarar da ta gabata, saiwa kamar cinyar mutum. Na roƙe shi iri, ya ce, "Ɗana, je ka sari iya ƙarfinka." Na je da rani, lokacin da ganye ya riga ya zube, sanduna ne kawai a tsaye. Nan ne kuskuren yake, ba wani wuri ba. Na duba kauri, na duba idanu, na yanka tsawon taƙi guda mai ido biyar zuwa bakwai yadda ya kamata. Abu ɗaya da zai nuna mini cutar shi ne ganye, kuma babu ganyen.

Da malamin gona ya zo, bai ma ƙarasa shiga ba ya ce, "Malam, a ina ka samo irin nan?" Ya bayyana mini abin da ya ɗaure mini kai, wato yadda gonar Kawu ta yi albarka tawa ta lalace. Ƙwayar cutar bairos ce, wani ɗan farin ƙuda ke yaɗa ta. Rogon Kawu ya kamu ne a makare, bayan saiwa ta riga ta yi ƙwari, shi ya sa bai ji a jikinsa ba. Nawa kuwa da cutar ya tsiro tun ranar farko, tana cikin sandar. Ni da hannuna na kwafe ta sau dubbai, na jera ta taku ɗaya-ɗaya.

Kuma da yake jini ɗaya ne, babu wata mai ƙarfin da 'yar'uwarta ba ta da shi. Gero da ake shukawa da ƙwaya yana da bambanci a tsakaninsa, wani ya faɗi wani ya tsaya. Kwafi ba shi da wannan gata. Haka aka yi da ayabar Gros Michel wadda cutar Fanama ta gama da gonakinta a shekarun 1950, har kasuwar duniya ta koma kan Cavendish, ita ma kwafi. Wannan ma na koyar da shi a aji.

Abin da na tono bai biya kuɗin huɗa da 'yan ƙwadago ba. Kawu ya ji nauyi ƙwarai, sai da na yi ta ba shi haƙuri, domin shi kyauta ya yi mini da zuciya ɗaya.

Duk wanda zai nemi iri, ya je gonar da damina, ganye na shar. Ya bi gindi-gindi, ya ɗaura wa masu lafiya tsumma, su kaɗai zai yanka daga baya. Kada girman saiwa ya ruɗe shi, ni shi ya ruɗe ni. In sun tsiro, duk wanda ganyensa ya fito a murɗe a tuge shi tun yana ƙarami, kada a ji tausayinsa. Kuma kada a cika gona daga uwa ɗaya.

Bana na raba gonar uku. Kashi ɗaya TME 419 ne, irin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yaɗa, wanda ke jure wannan cuta. Sauran daga gonaki biyu da na shiga da ƙafata a watan Agusta. Ɗalibaina na kai su suka ɗaura tsummokaran da hannunsu, kuma kowace Asabar da safe ina bin kunyoyin ina juya ganye.