Abin da shirya ɗalibai don JAMB ke koya wa malami

Duk wanda ya daɗe yana shirya yara don jarrabawar JAMB ta neman shiga jami'a zai gane cewa agogo ya fi wuyar tambaya kayar da su. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu: 60 na Turanci, sai arba'in-arba'in daga sauran darussa uku, kowane darasi maki 100, jimla 400. In aka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce ke gare ta. Yaron da ya saba shafe minti biyar kan lissafin Fiziks guda ɗaya ya san aikin, amma lokaci zai ƙare masa da sauran tambaya talatin bai ko gani ba.

Shi ya sa karatu ba tare da agogo ba rabin shiri ne. Daga wata biyu kafin jarrabawa, ɗalibi ya riƙa zama sau ɗaya a mako ya yi cikakkiyar takardar shekarun baya, awa biyu cur, babu waya, babu tashi. Amfanin yana cikin abin da zai biyo baya. Ya samu littafi guda, duk tambayar da ya faɗi ya rubuta dalili a gefenta: ban san darasin ba, ko na sani amma na yi gaggawa, ko lokaci ne ya ƙure. Kowanne da maganinsa. Na farko komawa littafi ne, na biyu karanta tambaya har ƙarshe (kalmar da ke juya ma'ana, irin "banda" ko "ba", ita ke yi wa masu sauri ƙafar ungulu), na uku kuwa koyon tsallakewa ne. Tambayar da ta ci minti ɗaya ba ta buɗe ba, a wuce ta a dawo daga baya. Ba a rage maki don an yi kuskure, don haka kada a bar gurbi ko ɗaya babu amsa.

Haddace amsoshin littattafan kasuwa kuwa asara ce. Wasu amsoshin ma ba daidai ba ne, kuma da an sauya lamba ɗaya a tambaya sai hadda ta rushe. Manhajar karatu ta hukumar JAMB tana shafinta na intanet kyauta, da ita za a auna abin da aka karanta.

Turanci na buƙatar kulawa ta daban, domin dole ne ga kowa. Inda yaranmu suka fi zubar da maki shi ne sashen furuci, wato bambance wasula da gane gaɓar da ake dannewa a kalma. Wannan ba ya shiga ta ido kaɗai, sai an ji da kunne an maimaita da baki, ko da minti goma ne kullum. Littafin labarin da hukumar ta sanya shi ma a karanta shi kansa, kada a tsaya ga taƙaitawa.

Tun 2015 da kwamfuta ake yin jarrabawar gaba ɗaya, kuma abin tausayi ne ka ga yaro mai ƙwazo hannunsa na rawa don ranar ce ya fara taɓa ta. Maɓallan kaɗan ne: A zuwa D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa, Y don tabbatarwa. Wanda ya danna S ya bi da Y ya gama, ko da saura awa guda. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa ba tilas ba ce, amma ga wanda bai saba da kwamfuta ba kuɗinta ba ya faɗi ƙasa banza.

Wasu kuma tun wajen rajista suke faɗuwa. Sunan da ke kan lambar NIN ya dace da na takardar WAEC ko NECO harafi da harafi, domin Muhammad da Mohammed ba ɗaya ba ne a wurin na'ura. Layin wayar da aka aika saƙon fara rajista zuwa 55019 ko 66019 da shi a adana, da shi za a duba sakamako. A kuma duba haɗin darussa a kundin hukumar kafin a zaɓa: mai son likitanci Fiziks da Kemistiri da Bayoloji zai rubuta, mai son injiniyanci Lissafi ne a madadin Bayoloji. Kuskure nan na sa maki 280 ya tashi a banza. Bayan jarrabawa a tabbatar an ɗora sakamakon sakandare a CAPS, wato tsarin intanet na JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, in ba haka ba jami'a ba za ta iya ba da gurbi ba.

'Yan mata kuma, don Allah a haƙura da lalle a kan yatsu lokacin rajista da gab da jarrabawa, ko da bikin wa ake yi. Da zanen yatsa ake tantance mai shiga ɗaki, kuma lalle mai kauri na hana na'urar gane shi.