Shekara ta biyu ce ke kashe ayyukan fasaha a gwamnatin jiha

Ranar ƙaddamarwa ba ta da wuya. Gwamna ya yanke ƙyalle, a danna maɓalli, allo ya haska, a tafa. Abin da aikin gwamnati ke koya wa mutum shi ne ya jira wata na goma sha uku. A lokacin ne lasisin manhaja ke ƙarewa, kuɗin intanet na shekara ya cika, ɗan kwangila ya daina ɗaga waya, sai a buɗe kasafin kuɗi a tarar ba a ware wa waɗannan ko kwabo ba. An zuba aikin duka a ƙarƙashin manyan ayyuka kamar gada ko kwalbati, alhali manhaja doki ce: sau ɗaya ake saye, amma harawa kullum.

Manyan kamfanonin manhaja kan karɓi kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin lasisi duk shekara don kulawa da sabuntawa. Batiran inbata na ɗakin saba, wato babbar kwamfutar da manhaja da bayanai ke zaune a kanta, da ƙyar suke wuce shekara biyu zuwa uku, zafi kuma yana rage musu kwana. Saboda haka duk takardar da za ta shiga majalisar zartarwa ta nuna kuɗin shekara biyar, kuma ma'aikatar kasafi ta faɗi layin da za a riƙa cirewa. In babu wannan layin, gara a fasa.

Sai batun makullai. Sau da yawa jiha ta biya kuɗi tsaf, amma adireshin shafin da sunan ɗan kwangila aka yi masa rajista, kalmar sirrin babban mai kula tana cikin wayarsa, asalin rubutun manhajar yana kan kwamfutarsa. Ranar da aka saɓa kan ragowar kuɗi, shafin ya ɗauke, kuma babu wanda ke da ikon taɓa shi. Maganin a cikin yarjejeniya yake, tun kafin a sa hannu. Adireshi ya zama na .gov.ng, wanda NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ke kula da rajistarsa. Asusun ajiyar bayanai a buɗe shi da imel ɗin gwamnati, ba na wani mutum ba. A riƙe kason ƙarshe na kuɗin har sai ma'aikatan jiha sun girka manhajar daga farko a kan wata saba, ɗan kwangila yana zaune ya naɗe hannu. In suka kasa, ba a miƙa aiki ba tukuna.

Da me za a fara? A ganina, da albashi da haraji, ko da yake ba su da daɗin hoto. Tantance ma'aikata ba dabo ba ne. Ana ɗauko jerin sunaye na ofishin shugaban ma'aikata, da jadawalin albashi na akanta janar, da jerin 'yan fansho, a gwama su da lambar BVN da ta NIN, kowace mai lamba 11. Abin da ake nema sananne ne: BVN ɗaya a kan sunaye biyu, mutum a jadawalin albashi da na fansho lokaci guda, wanda ya haura shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki ba tare da dokar da ta ƙara masa wa'adi ba. Inda ake tuntuɓe shi ne bayan tantancewar. An share ma'aikatan bogi, amma an bar mutum ɗaya da ikon ƙara suna, da amincewa, da tura wa banki. Cikin 'yan watanni jiya ta dawo yau. Dole a raba hannun uku, manhajar kuma ta riƙa rubuta wanda ya canza me, a wace rana, a inda shi kansa ba zai iya gogewa ba.

Haraji ma haka. Asusun bai ɗaya da duk kuɗin shigar gwamnati ke zuba a ciki, wanda gwamnatin tarayya ta tilasta a 2015, Kaduna ma ta ɗauka a shekarar, ba ya hana yoyo muddin akwai rasit ɗin hannu a kasuwa da tasha.

Wani abin da gwamna zai iya yi ba tare da sayen ko linzamin kwamfuta ba shi ne rage kuɗin izinin haƙa hanya don binne wayar fayiba ta intanet. An amince da naira 145 kan kowace mita, wato 145,000 a kilomita. Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa wannan farashin a 2020, Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya. A tsohon farashin Ekiti, kilomita ɗaya miliyan huɗu da rabi ne kafin a saka diga a ƙasa, kamfanin sadarwa kuwa sai ya tsaya a babban birni.

Duk wannan yana buƙatar mutum ɗaya mai iko. Mai ba gwamna shawara kan fasaha, in sa hannunsa ba sharaɗi ba ne kafin a sayi kwamfuta ko manhaja, ado ne kawai. Ma'aikatar lafiya za ta sayi nata, ta ilimi nata, rumbunan bayanan ba sa gaisawa. Kuma shi ɗan siyasa ne, wa'adi zai tafi da shi. Daraktoci da ƙananan jami'ai ne za su zauna, su ya kamata a horar. Attajiran ƙasashe ma sun ɗanɗana wannan: a Afrilun 2020 gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito yana cigiyar masu iya tsohon harshen kwamfuta na COBOL, don manhajar biyan tallafin marasa aiki ta cushe, waɗanda suka san cikinta kuma sun yi ƙaranci.

Ajiyar kwafin bayanai kuwa, uku ake yi, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ginin kuma a cire daga intanet, don masu kulle bayanai su nemi fansa kan fara da lalata kwafin da suka samu a haɗe. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in bayanan jama'a suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Duk wata uku a ɗauko kwafin, a mayar da shi kan wata na'ura, a buɗe jadawalin albashin watan jiya, a ƙirga sunayen.