Wasiƙa daga Suwizalan: igiya, fuli da ramin ƙanƙara

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum.

Daga gindin duwatsun Alps nake rubuto muku, tafin hannuna har yanzu yana raɗaɗi saboda igiya. A makon jiya na bi masu koyar da aikin ceto muka hau daskararren kogin Aletsch, wanda ya fi kowanne girma a duwatsun nan. Jikinsa duk tsagogi ne masu zurfi, dusar ƙanƙara ta lulluɓe bakinsu, mutum yana cikin tafiya sai ya zurma.

Malaminmu ya zura buhu mai kilo 80 a rami, ya ce in ciro. Na ja har idona ya yi ja, buhu ko gezau. Sai ya binne gatarinsa cikin ƙanƙara ya zama turke, ya bi da igiyar ta cikin fuli biyu, wato 'yan tayoyin nan masu kwari a tsakiya, har ta yi siffar harafin Z. Da na sake ja, sai ga buhu yana tasowa.

Babu tsafi a ciki. Nauyin ne ya rabu uku, amma sai ka ja mita 3 kafin kaya su tashi mita 1. A lissafi kilo 80 ya koma kamar 27. A aikace gugar igiya tana cin nata rabon, musamman idan ta nutse a leɓen ramin, shi ya sa ake sa mata sanda a ƙarƙashi. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik ɗan Ostiriya ya fito da shi a 1931. Siririyar igiya ce ake naɗawa a jikin babbar, ka tura ta da hannu ta zame, nauyi na sauka a kanta ta cije.

Sai dai ƙarfin nan yana da haɗari. Mutum huɗu a kan wannan igiya ba za su ji a hannunsu cewa wanda ake jawowa ya maƙale a ƙarƙashin leɓen ƙanƙara ba, sai su yi ta ja har su karya masa ƙirji. Don haka ake ɗaure mutum ɗaya a bakin ramin, yana leƙe yana ba da umarni. Ranar ni aka ɗaure a can, ruf da ciki, haƙorana na kaɗawa, ina yi wa buhu gadi.

Naku, daga ƙasar sanyi.